Wasa a Matsayin Magani: Tarihin Kayan Wasan Yara Masu Raunin Gaɓoɓi a Ƙasar Dakoro

Kafin yaro ya iya kai loma bakinsa ba ta zube ba, ko ya ɗaura tazuge, ko ya riƙe alƙalami, sai ƙwaƙwalwarsa da idonsa da tsokar jikinsa sun saba aiki tare. Sabon nan ba ya samuwa sai da maimaici: a miƙa hannu a kuskure, a sake miƙawa, sau ɗaruruwa a yini. Yaro mai lafiya yana yin haka da kansa, ba wanda ya sa shi. Wanda gaɓoɓinsa suka yi laushi, ko suka sandare, ko suke motsi ba da nufinsa ba, ya fi kowa buƙatar maimaicin, shi ne kuma ya fi saurin gajiya da shi. Ba a zaunar da ɗan shekara biyu a ce ya ɗaga hannu sau hamsin don lafiyarsa, amma in aka rataya masa abin da ke ƙara idan an taɓa, zai ɗaga fiye da haka. Ta nan abin wasa ya shiga cikin kayan jinya. A ƙasar Dakoro aikin ya daɗe a hannun uwaye da kakanni da yayye, ya shiga asibiti a farkon ƙarnin nan ta ƙofar tamowa, yanzu kuma a wasu ƙasashe ana haɗa shi da na'ura.

Dakoro tana arewacin jihar Maraɗi, tazarar kusan kilomita 120 daga birnin Maraɗi. Turawan mulkin mallaka na Faransa ne suka mayar da ita mazaunin hukuma a 1947. Ƙasa ce da noma da kiwo suka yi iyaka a cikinta, domin dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wajen kwarin Tarka. Kudu, wajen Kornaka da Sabon Mashi, manoman gero ne suka fi yawa, Gobirawa da Adarawa da sauran Hausawa. Arewa, ta wajen Bermo da dajin Gadabeji, ƙasar Fulani ce da Buzaye, har aka ware Bermo ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ƙauyuka sun yi nisa da juna, rijiyoyi suna da zurfi, mace tana iya ƙarar da rabin yininta tsakanin jan ruwa da sussuka da daka. Wannan ya shafi batun kai tsaye, don duk wani magani da ke buƙatar zama da yaro kullum yana takara ne da turmi da guga.

Horon jikin yaro a gidan Bahaushe yana farawa tun kafin suna. Ungozoma ko kaka ce ke wanke jariri da ruwan ɗumi, ta gasa masa jiki, ta miƙe hannuwa da ƙafafu ta lanƙwasa su, ta shafe shi da man shanu. Sai goyo, wanda ba a lissafa shi cikin motsa jiki alhali kuwa shi ne na farko: jaririn da ke bayan mai daka ko mai tafiya rijiya yana gyara wuyansa da bayansa da kowane sunkuyo nata. Idan ya kai wata huɗu ko biyar, akan fara koya masa zama, a yi ɗan gurbi cikin rairayi ko a sa shi cikin daro a tokare shi da tsummoki. Bayan rarrafe sai tata, inda yayarsa ke riƙe masa hannu biyu tana ja da baya. Daga nan sai keken koyon tafiya, na katako mai ƙafa uku, wanda kafinta ke harhaɗawa da ragowar itace, a yi ta aronsa gida-gida har ya karye. Abin kaɗawa kuwa, ƙaramin gora ne da tsakuwa ko ƙwayoyin iri a ciki. Babu wanda ya kira waɗannan magani, amma kowannensu yana tallafar jiki daidai inda bai riga ya ƙarfafa ba, ya bar sauran ga yaron.

Wasannin dandali sun ɗora daga nan, kuma sun cancanci a tsaya a kansu, don akwai hikimar da ba a cika lura da ita ba. A carafke yarinya tana jefa dutse sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe na saman kafin ya faɗo. Ana farawa da ɗaiɗai, a koma bibbiyu, sannan uku-uku, har a kwashe duka a tashi ɗaya. Wahalar tana ƙaruwa mataki-mataki, ido yana bin dutsen sama, yatsu suna aiki a ƙasa ba tare da an dube su ba, kuma ana sanin nasara ko faɗuwa nan take. Masu gyaran motsin yara a asibitocin zamani ma suna aiki da irin waɗannan ƙa'idoji. Langa tana koyar da tsayuwa da gudu a ƙafa ɗaya. Ƴar gala-gala tana haɗa jifa da tsalle da kiyaye layi. Gare yana sa yaro ya daidaita gudunsa da na abin da yake korawa. Ƙera kayan wasan ma horo ne: mai yin motar kara sai ya ɓare sille, ya yanka laushin cikinsa daidai, ya soke shi da siraran ɓawon, ya fafe ƙafafu daga sakaina ko tsohon silifa. Ƴaƴan Fulani suna gina shanun laka da ƙahoninsu da tozonsu, ƴaƴan Buzaye kuma suna yin raƙumi da muƙamuƙin akuya ko tunkiya su ɗora masa sirdi. Ƴar tsana ta kara ko ta ƙashi tana buƙatar ɗauri da kitso da goyo.

Sai dai wannan makaranta tana da babban giɓi. Kusan duk wasannin dandali na fitarwa ne: wanda ya kuskure ya faɗi, ya koma gefe ya jira. Gwana a carafke tana iya riƙe duwatsu ta daɗe, wadda hannunta ke rawa kuwa jifa ɗaya take samu. Wato wanda ya fi buƙatar maimaici shi ne yake samun mafi ƙanƙanta, tazarar kuma tana ƙaruwa kowace rana. Yaron da ba ya iya zuwa dandalin ma, sai a bar shi kan tabarma a inuwar zaure ko ta rumfa, ana ba shi abinci, ana wanke shi, ana son sa, amma ba abin da ke gabansa da zai sa ya miƙa hannu.

Yadda aka fahimci ciwon ya taimaka wajen hakan. Ƙafar da ta shanye bayan zazzaɓi ana danganta ta da Inna, ko Doguwa, ɗaya daga manyan iskokin bori, wadda ake cewa tana shan jinin gaɓa har ta tsotse. Borin kwarin Maraɗi sananne ne, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta littafi a kansa a 1972. Jaririn da wuyansa bai tsaya ba, jikinsa ya yi laƙwas, yawu na zuba, akan ce ɗan ruwa ne, wato musanyen aljanu. Inda aka ɗauka iska ce ta jawo, wajen masu iska ake neman sauƙi: rubutu, hayaƙi, saiwoyi, yanka. Iyaye sun sayar da awaki da hatsi a wannan hanya, kuma ba sakaci ya kai su ba, neman lafiyar ɗansu ne da iyakar abin da suka sani. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce musu gaɓar da ta shanye tana buƙatar a riƙa miƙe ta kullum don kada ta ƙage, sauran jikin kuma yana iya koyon abubuwa da yawa.

Likitancin zamanin Nasara bai cike wannan giɓi ba. Hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa da Faransa ta kafa a Afirka ta Yamma a 1905, da ayarin ma'aikatan da ke yawo ƙauyuka daga baya, sun fi mayar da hankali ga annoba da manyan cututtuka: agana, sanƙarau, kuturta, ciwon barci. Asibitocin mishan na SIM, na Galmi da aka buɗe a 1950 da na kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956, sun kawo aikin tiyata da kula da naƙasa, amma dukansu tafiya ce mai nisa daga Dakoro. Bayan samun mulkin kai a 1960, masu aikin gashi da motsa gaɓoɓi, waɗanda ake kira kine, sun kasance ƙalilan, sun kuma taru a Yamai da manyan biranen jihohi.

Abubuwan da ke raunana gaɓoɓin yara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Doguwar naƙuda a ƙauyen da ke nesa da likita tana hana ƙwaƙwalwar jariri iska. Shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai yana barin wasu da rauni bayan sun farfaɗo, haka ma sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama mutum kusan 250,000 a ƙasashen Sahel ya kashe kimanin 25,000, kafin allurar MenAfriVac ta iso Nijar a 2010. Akwai ma naƙasar da ta fito daga magani: a shekarun 1990 likitoci a Nijar, cikinsu har da Hubert Barennes, sun nuna cewa allurar kinin da ake yi a tsoka tana iya taɓa jijiya ta shanye ƙafar yaro, abin da ya sa suka gwada ba da maganin ta dubura.

Shan inna ne ya fi fitowa fili. Duniya ta ɗauki alkawarin kawar da shi a 1988. A 1996, lokacin da Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin Afirka, an ƙiyasta cewa cutar tana shanye yara 75,000 a nahiyar kowace shekara. Dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 ya shafi Maraɗi, don iyakar ba ta raba zumunci da kasuwa ba. An cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida a 2006, aka kuma tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali ranar 25 ga Agusta 2020, ko da yake nau'in da ke rikiɗa daga maganin ɗigo yana ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa su ne suka fara ƙera wa kansu kayan motsi. Da can gurgu yana tafiya da ƴan katakai biyu a hannu. Daga baya masu walda suka shiga yin keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, kamar yadda ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa ta Kano, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta shahara da yi. A 1988 Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, inda ƴan wasa ke zama kan katako mai ƙafafu suna buga ƙwallo da hannu, wasan kuma ya bazu zuwa ƙasashe maƙwabta. Wannan babban sauyi ne a tunani: ba a jira jiki ya dace da wasa ba, wasan aka gyara ya dace da jiki, kuma masu jikin ne suka gyara shi.

Shekarar da ta shigar da wasa cikin asibitocin yankin ita ce 2005. Damina ta tsaya da wuri a 2004, fara ta biyo baya, farashin gero ya haura abin da talaka zai iya. Ƙungiyar likitocin Na Gari Na Kowa, MSF, wadda ke aiki a Maraɗi tun 2001, ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a Dakoro a wannan shekara, ta kuma kula da yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a faɗin Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne Plumpy'nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai wanda André Briend da kamfanin Nutriset suka fitar a 1996, wanda uwaye ke kira biskit. Da shi ba sai an kwantar da kowane yaro ba. Wanda ke iya ci akan ba uwarsa rabon mako ta koma gida, sai mai rikitaccen ciwo ne ake kwantarwa a CRENI, sashen jinya mai zurfi. Daga baya ƙungiyar BEFEN ta ƴan Nijar da abokiyar aikinta ALIMA suka ci gaba da tallafa wa hukumar lafiya ta gundumar.

Tamowa ba nama kaɗai take ci ba. Yaron da ta kama yana daina murmushi, ya daina bin abu da ido, wanda ya fara tafiya ya koma zama, mai zama ya koma kwanciya. Abinci yana mayar da nauyi cikin makonni, amma abin da ya ɓace na motsi da magana ba ya dawowa da kansa a kowane lokaci. Hujjar da aka fi dogara da ita ta fito ne daga Jamaika. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure a birnin Kingston, masu wata 9 zuwa 24. Wasu an ba su ƙarin madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta bar mata abin wasan da aka yi da tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka sake nemo su. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari. Ƙarin madarar bai bar irin wannan tasiri mai ɗorewa ba.

Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya na 1999 kan jinyar tamowa mai tsanani ya sa wasa cikin magani, na minti 15 zuwa 30 kowace rana, ya kuma zana kayan da za a yi da hannu: gorar roba da tsakuwa a ciki don kaɗawa, gwangwani don ganga, murafun kwalba da ake jerawa bisa juna, kwalba mai faɗin baki da ake jefa abubuwa ciki a zazzage, zare da ake zura ƙananan abubuwa a jikinsa, gwangwani mai ƙafafu da ake turawa, ƴar tsana ta ƙyalle. Kowanne yana da aikinsa. Jefa abu cikin kwalba yana koyar da saki, wanda ya fi damƙa wuya ga ƙaramin yaro. Jera murafu yana koyar da auna ƙarfi. Abin turawa yana jan mai zama zuwa rarrafe. Ƙa'idar jinyar tamowa ta Nijar, wadda aka fara rubutawa a 2005 aka kuma sabunta ta daga baya, ta bi wannan sahu. Duk uwar da ta fito daga Kornaka ko Sabon Mashi za ta gane kayan nan, don ba su da nisa da abin da kakarta ke yi. Sabon abu shi ne an ware musu lokaci, an ce na marar lafiya ne, an kuma cire fitarwa daga cikinsu: yaro yana kuskurewa ya sake gwadawa, ba mai karɓe masa.

Tsakanin abin da ke takarda da abin da ke faruwa a ɗakin jinya akwai rata. Tamowa da zazzaɓin cizon sauro suna haɗuwa ne a lokaci guda, daga tsakiyar damina zuwa kaka, gadaje su cika, ma'aikaci ɗaya ya riƙa zagaya yara da yawa. A irin wannan hali ceton rai ne gaba, wasa shi ne abu na farko da ake ajiyewa, kuma ba za a zargi mai ajiye shi ba. Don haka ne ƙungiyar Handicap International, wadda aka kafa a 1982 ta kuma shigo Nijar a 2006, ta ɓullo a shekarun 2010 da wani tsari a Mali da Burkina Faso da Nijar, inda kine ke zama da uwa da ɗanta mai tamowa a kan tabarma, da ƙwallo da abin kaɗawa da ƴan tubala, yana duba inda yaron ya tsaya yana nuna wa uwar matakin da ke gaba. Shirin tallafin iyalai da gwamnati ta fara a 2011 da kuɗin Bankin Duniya, wanda ya riƙa ba mata jika goma a wata, shi ma ya haɗa da tarukan faɗakarwa kan reno da wasa. Binciken da aka yi kansa a jihohin Doso da Maraɗi ya samu cewa halayen iyaye sun gyaru, amma ba a ga babban sauyi a ma'aunin girman yara da basirarsu ba. Mai yiwuwa faɗakarwa a taro ba ta kai zama da yaro ɗaya da abu a hannu ba.

Ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun haihuwa, hanyar da ta fi dacewa da wuri irin Dakoro an daɗe da sanin ta. Bayan taron Alma-Ata na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kai gyaran naƙasa cikin al'umma maimakon jiran a zo birni. Littafin David Werner na 1987 kan yara naƙasassu na ƙauye, wanda ya fito daga aikinsa a Ajoya ta ƙasar Meziko, cike yake da zanen kujerar kusurwa, da sandunan koyon tafiya na itace, da lilo, da kayan wasan da kafinta zai iya yi. A Zimbabuwe an ƙware wajen yin kujeru da abin tsayuwa da kwali da takarda da kunun fulawa. Aikin da ke buƙatar tiyata, irin na ƙafar da ta murɗe, sai a asibiti, kamar na yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010.

Akwai rukuni na ƙarshe da ba a ganinsa. Yaro ne mai cikakken hankali, ba shanyewa, ba sandarewa, amma yana yawan tuntuɓe, ƙwarya na kuɓuce masa, ba ya cafe abin da aka jefo, rubutunsa a allo ba ya karantuwa. Tun 1987 likitocin Amurka suka ba wannan hali suna a kundin cututtukansu a matsayin matsalar daidaita motsi da ke tasowa da yaro, an kuma ƙiyasta cewa yana shafar kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na ƴan makaranta. A ajin yara sittin, uku ko huɗu ke nan. A gida akan kira shi sakarai ko malalaci, a makaranta ya sha bulala kan abin da ba ganganci ba ne. Wannan zalunci ne da ba a yi da niyya ba, kuma yana korar yara daga karatu.

Irin waɗannan yara, da masu taɓuwar ƙwaƙwalwa, su ne masu ƙera kayan wasa na na'ura suka fi nufa. Tunanin shi ne a haɗa abin da hannu ke riƙewa da kwamfutar da ke lura da motsi. Bayan fitowar Wii na kamfanin Nintendo a 2006, da faifansa na tsayuwa mai auna inda nauyin mutum ya karkata, da kuma Kinect na Microsoft a 2010, asibitoci suka fara gwada su. A Italiya masu bincike na birnin Pisa sun jagoranci aikin CareToy, shimfiɗa da kayan wasa masu na'urar jin matsi da motsi, waɗanda ake kai wa bakwaini gida, likita yana ganin sakamakon ta intanet yana sauya darasin. Amfanin na'ura a fili yake: tana ƙirga maimaici ba ta gajiya, tana ba da lada nan take da haske ko sauti, tana sassauta wasa ko ta tsananta shi daidai da yaro, kuma ba ta yi masa dariya.

Gwajin da ya fi kusa da halin Afirka an yi shi ne a makarantun unguwannin talakawa na Cape Town, aka buga shi a 2013. Gillian Ferguson da Bouwien Smits-Engelsman da abokan aikinsu suka kwatanta yara masu matsalar daidaita motsi da suka yi atisaye da Wii, da waɗanda aka koya wa ainihin ayyukan a fili, gudu da jifa da cafewa da tsalle, a ƙananan rukunoni. Dukansu sun amfana, amma na filin sun fi ci gaba a ƙwarewar motsi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da aka maimaita shi ake iyawa, kuma karkata jiki a gaban allon talabijin ba ɗaya ba ne da cafe dutse mai nauyi da kaifi. Ga ƙananan yara akwai ƙarin iyaka, don Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon na'ura, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Wannan ne ya sa masu ƙira suka koma ga sa na'urar cikin abin wasan kansa.

Duk mai son kawo irin wannan Dakoro sai ya auna shi da ƙasar. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci, salula ma a wajen mai cajin hasken rana ake kai ta a biya. Zafin bazara yana haura digiri 40, yana kashe batir. Ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa. Wayar gida galibi tana aljihun maigida, wanda kan tafi cin rani, ba a hannun mai reno ba. Gida ɗaya yana da yara da yawa, abin wasa ba ya zama na mutum ɗaya, kuma hakan alheri ne in an tsara shi don yaya da ƙani su yi tare. Makiyayi ba ya ɗaukar abin da ba zai hau jaki ba. Abin da ya lalace kuma, in mai gyaran salula ko kafinta ko mai walda na kasuwa ba zai iya tayar da shi ba, ya mutu ke nan. Bisa wannan ma'auni, wurin da na'ura ta fi amfani shi ne hannun ma'aikaci: ɗan bidiyo da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek mai nuna yadda ake zaunar da yaron da wuyansa bai tsaya ba, saƙon murya ta WhatsApp tsakanin ma'aikacin ƙaramar likitar ƙauye da kine na Maraɗi, hoton motsin yaro da ake aikawa a duba ba tare da an biya kuɗin mota ba. Abin da yaron zai riƙe kuwa, gora da kara da katako sun isa, in an gyara su: a kaurara mariƙi ga hannun da ba ya damƙa, a ƙara nauyi ga keken katako don kada ya zille, a musanya duwatsun carafke da ƙunshin ƙyalle mai yashi wanda ba ya gangarewa.

Ta fuskar doka an yi tafiya. Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu a 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a 2019. Tun 2006 aka ayyana jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Shirye-shiryen tamowa, waɗanda ta cikinsu ne wasan jinya ya shigo yankin, su ma a wata 59 suke tsayawa. Matsalar daidaita motsi kuwa ba a cika tabbatar da ita ba sai yaro ya kai shekara biyar, lokacin da allo da alli da wasannin dandali suke fito da ita. Yaron Dakoro da ke da ita yana fita daga shekarun kulawa kyauta daidai lokacin da za a iya gane abin da ke damunsa, daga nan kuma malamin aji da malamin allo ne manyan da suka fi ganin hannunsa yana aiki, kuma ba aikin jinya aka horar da su a kai ba.